Goron Ƙuri'a a Magarya da Dungas

A ƙasar Magarya ta Nijar, dokar da ke hukunta sayen ƙuri'a ta girmi ƙuri'ar talaka. Tun 1914 Faransa, mai mulkin mallakar ƙasar a lokacin, ta kafa wa kanta dokar ɗaure duk wanda ya ba da kuɗi, ko kaya, ko alkawarin aiki don karkatar da mai zaɓe. Manomin Bande ko Waca kuwa, mace da namiji, bai samu cikakken ikon jefa ƙuri'a ba sai 1956.

Ko da ya samu, ba shi aka fara nema ba. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 kan ci gaba da zama tare da Faransa, Djibo Bakary da jam'iyyarsa Sawaba suka ce "a'a". Gwamnan mulkin mallaka Colombani bai wahalar da kansa da bin gida-gida ba, ta kan sarakuna ya bi, "i" kuma ta yi rinjaye. Bayan 'yancin kai, zamanin Shugaba Diori jam'iyya guda ce. Kountché bai yi zaɓen shugabanni ba, Ali Saibou kuma shi kaɗai ya tsaya a 1989. Wa zai ɓata kuɗinsa kan abin da ke hannunsa?

Kasuwa ta buɗe ne bayan Taron Ƙasa na 1991. A 1993 Mahamane Ousmane na CDS-Rahama, ɗan Damagaram, ya kada Tandja a zagaye na biyu, kowa ya gane cewa ƙauyukan kudancin jahar, masu cunkoson jama'a, suna iya sauya lissafi. Ƙidayar 2012 ta ba Magarya mutum sama da 570,000, Dungas kuma, wadda aka yanke daga jikinta a 2011, sama da 350,000.

Daga nan goro ya sauko daga zauren sarki zuwa tsakar gida: turmin atamfa ga shugabar mata ta raba, sukari da ganyen shayi ga fadar samari, jaka guda a naɗe cikin ledar sabulu daren jajibiri. A shekarun da kowane ɗan takara ke da takardarsa daban, dillali kan jira a bayan makaranta, ka kawo masa takardun da ba ka jefa ba, ya duba ta ubangidansa ba ta ciki, sannan ya cika maka. Da takarda guda mai hotunan kowa ta zo, sai wayar salula ta karɓi aikin shaida. Katin zaɓe na zamani da aka yi don 2020 ya rage ƙuri'ar bogi, amma bai san abin da ke cikin aljihu ba.

Kundin zaɓe na 2017 bai yi shiru ba: ya haramta kyauta don neman ƙuri'a lokacin kamfe, ya tanadi kaso da tara. A ganina cikas ɗin yana wuri biyu. Irin wannan doka tana kama mai bayarwa, tana kama mai karɓa, ke nan wanda ya fi kowa sanin abin da ya faru shi ne ba zai buɗe baki gaban jandarma ba. Sannan a garin da babba ba ya gaida mutane hannu rabbana, yaya mai shari'a zai raba gaisuwa da toshiya? Ɗan takarar da ya zo bai bar ko na goro ba, marowaci ake ce masa, ba mai gaskiya ba.

Tsallaken iyaka, ta Maigatari da Ɓaɓura, dokar zaɓen Najeriya ta 2022 ta sa tarar da ta kai naira 500,000, ko ɗaurin wata 12, ko duka biyun. Jami'an hukumar yaƙi da cin hanci ta EFCC sun kama wasu da kuɗi a zaɓen Ekiti na 2022, amma ciniki bai mutu ba.

Zaɓe na ƙarshe da aka yi a Magarya da Dungas shi ne na 21 ga Fabrairu 2021, tsakanin Bazoum da Ousmane. Sojoji suka karɓi mulki ran 26 ga Yuli 2023, a Maris 2025 kuma aka rusa jam'iyyun siyasa gaba ɗaya.