Nikolas na Biyu da Faɗuwar Sarautar Rasha

Gidan Romanof ya hau gadon sarautar Rasha a shekara ta 1613, ya yi shekara 304 yana mulki, sa'an nan ya rushe cikin kwana takwas a watan Maris na 1917. Mutane da yawa suna zaton 'yan gurguzu ne suka tuɓe sarkin. Ba su ba ne. A lokacin, Lenin yana gudun hijira a Suwizalan. Yaƙi da yunwa sun ba da nasu rabo, amma a nan za mu dubi halin mutumin da ke kan gadon.

Nikolas na Biyu ya gāji ubansa a 1894 yana da shekara 26. Mutum ne mai ladabi da ibada, mai ƙaunar iyalinsa. Ya gaskata cewa Allah ne ya ɗanka masa iko duka, kuma raba ikon da wani cin amana ne. Amma ba shi da ƙarfin zuciyar riƙe abin da ya ƙi rabawa. Ba ya son gardama ido da ido. Minista zai shiga wurinsa, su rabu da fara'a, ya koma gida ya tarar da takardar sallama.

A Janairu 1895 wakilan majalisun larduna suka zo gaisuwa, wasunsu kuwa sun riga sun roƙa a riƙa jin muryar jama'a a harkar mulki. Sabon sarki ya ce musu wannan mafarkin banza ne. Wanda ya san labarin Rehobowam ba zai rasa tuna shi a nan ba. A bikin naɗinsa a Mosko a 1896 aka yi turereniya a filin Hodinka wajen rabon kyaututtuka, fiye da mutum 1,300 suka mutu. A daren nan ya halarci liyafar jakadan Faransa, domin 'yan'uwan mahaifinsa sun matsa masa. Talakawa ba su manta ba.

Abin da ya fi wannan muni ya faru ran Lahadi, 22 ga Janairu 1905. Wani firist mai suna Gapon ya ja dubban ma'aikata zuwa fadar sarki a San Fitasbag, suna ɗauke da hotunan tsarkaka da na sarkin, suna waƙoƙin sujada. Takardar koke suka kawo, kamar 'ya'ya wurin uba. Uban ba ya gari, bai kuma bar wanda zai karɓi takardar ba. Sojoji suka buɗe wuta, fiye da mutum ɗari suka mutu.

Ƙasa ta ɗauki yajin aiki da tawaye, ga kuma kunyar kaye a hannun Japan. A Oktoba 1905, da wuƙa ta kai ƙashi, sarki ya bi shawarar Sergei Witte ya yi alkawarin 'yanci da majalisar dokoki, wato Duma. Da ƙura ta lafa sai ya fara lashe amansa. Witte ya bar aiki a 1906. Majalisa ta farko ba ta yi wata uku ba aka rushe ta, ta biyu aka rushe ta a 1907, aka kuma sāke dokar zaɓe domin a sami majalisa mai biyayya. A ganinmu nan ne ainihin rauninsa yake. Ba ya bayarwa sai an shaƙe shi, in an sake shi ya karɓe. Masu neman gyara cikin lumana suka koyi cewa roƙo ba ya aiki, masu goyon bayansa kuma suka koyi cewa ba a jingina da maganarsa.

Ina ikilisiya take a duk wannan? Tun 1721 Sarki Bitrus Mai Girma ya soke kujerar Uban Ikilisiyar Otodoks ta Rasha, ya sa ta ƙarƙashin majalisar Sinod wadda jami'in gwamnati ke lura da ita. Wato ta zama kamar wata ma'aikata. Bayan 1905 bishop-bishop da yawa suka nemi a kira babban taro domin gyara. Sarki ya yi ta ɗage maganar har ya sauka. Sai ga Rasputin, wani baƙauye daga Saiberiya, ba firist ba, ba kuma ɗan zuhudu ba. Yarima Alekse, ɗa namiji tilo, yana da ciwon da jini ba ya tsayawa, kuma sarauniya Aleksandra ta gaskata addu'ar mutumin nan ce ke riƙe da ran ɗanta. Za mu iya tausaya wa uwa. Amma an ɓoye wa jama'a ciwon, saboda haka abin da suka gani shi ne mashayi mai ƙazamin suna yana shiga fada yana fita. Bishop Hermogen na Saratof ya tsawata wa Rasputin. A farkon 1912 aka cire shi aka tura shi gidan zuhudu mai nisa. Sauran suka gane karatun.

A 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, sarki ya karɓi jagorancin sojoji da kansa ya koma Mogilef, ko da yake yawancin ministocinsa sun roƙe shi a rubuce kada ya yi. Daga nan kowane kaye ya zama nasa, babban birni kuwa ya rage a hannun sarauniya. Daga Janairu 1916 zuwa Janairu 1917 mutum huɗu ne suka riƙe kujerar firayim minista. Har 'yan gidan sarauta suka gaji: da hannun wani ɗan'uwan sarki aka kashe Rasputin a Disamba 1916.

Ran 8 ga Maris 1917 mata suka fito titunan babban birnin, wanda aka riga aka sāke wa suna Fetrograd, suna neman burodi. Sarki ya aiko da waya cewa a kawo ƙarshen hargitsin washegari. Rodziyanko, shugaban Duma, ya roƙe shi ya naɗa gwamnatin da jama'a za su amince da ita. Bai kula ba. Ran 12 ga wata sojojin birnin suka juya suka bi jama'a. Da sarki ya yarda da abin da ake roƙo, ihu ne bayan hari. Manyan hafsoshinsa suka ba shi shawara ya sauka, ya sa hannu ran 15 ga Maris a cikin jirgin ƙasa a garin Peskof. Ƙanensa Mika'ilu ya ƙi karɓar gadon washegari.

Majalisar Sinod ba ta fitar da ko kalma ɗaya ta kare sarkin da ikilisiya ta shafe da mai ba. Cikin 'yan kwanaki ta umarta a riƙa yi wa sabuwar gwamnati addu'a. Babban taron da aka hana ta ya zauna a Agusta 1917, ya zaɓi Tikon Uban Ikilisiya a Nuwamba, daidai lokacin da mutanen Lenin suke ƙwace mulki. Su ne suka harbe Nikolas da matarsa da 'ya'yansu biyar a Yekaterinbag ran 17 ga Yuli 1918. A shekara ta 2000 Ikilisiyar Otodoks ta Rasha ta sa shi cikin tsarkaka saboda haƙurin da ya yi a tsare har mutuwa, ta kuma bayyana cewa ba don yadda ya yi mulki ba ne.