Awon Gwamnati da Awon Igiya: Tarihin Muhalli da Rusau a Kano



Duk wanda ya taɓa neman fili a Kano ya san tambayar farko da dillali zai yi masa: awon gwamnati kake so ko awon igiya? Na farko yana da titi da lambatu da takardar shaidar mallaka daga gwamnati, kuɗinsa kuwa sai wane da wane. Na biyu mai gona ne ya yanka gonarsa, aka ja igiya aka kafa turaku, mai unguwa ya sa hannu a takardar ciniki, shi ke nan. Da yawa daga mutanenmu na Gwangwan da Rogo da Karaye da suka tare a birni a awon igiya suke zaune, wasu a gidan kansu, wasu a ɗakin haya. Ranar da aka ce za a gyara gari kuwa, su ne ke kwana da fargabar wayar gari su ga jan fenti a bango. Wannan rabuwa tana da tarihi na sama da shekara ɗari, kuma ya kamata mai riƙe da alƙalami ya san shi.

Kafin zuwan Turawa, ƙasa tana ƙarƙashin kulawar Sarki ne, ta hannun masu sarauta har zuwa dagaci da mai unguwa. Mutum yana samun gona ko kango ta hanyar gado, ko kyauta, ko aro, ko jingina, ko kuma ya sari daji da izinin dagaci. Shaidarsa ita ce maƙwabtansa da dattawan gari da bishiyar da ke kan iyaka. Ba a rasa zalunci a wancan tsari ba, amma manomi ya san ƙofar da zai kai kuka, kuma da harshensa zai yi magana.

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. A 1910 suka yi dokar da ta mayar da ƙasar Arewa baki ɗaya ƙarƙashin ikon Gwamna, wai yana riƙe da ita amana saboda 'yan ƙasa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, baƙi suka yi ta kwararowa. Daga nan aka fara raba gari gida-gida. Turawa suka zauna a Nassarawa da Bompai, cikin manyan filaye da itatuwa. Wajen 1913 aka yanka Sabon Gari saboda ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu. Tudun Wada da Gwagwarwa suka zama matsugunin tsofaffin sojoji da leburori 'yan Arewa. Cikin ganuwa kuma aka bar wa hukumar gargajiya. Dokar birane ta 1917, ta zamanin Lugga, ita ta ƙarfafa wannan tsari, har aka tanadi a bar fili fayau mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, da hujjar kare Turawa daga sauro da zazzaɓi. Tun daga lokacin, titi mai kyau da famfo da takarda suka taru a ɓangare ɗaya na gari.

Bayan samun 'yancin kai an yi yunƙurin gyara. An ɗauko wani masanin tsara birane mai suna Trevallion, ya zana taswirar yadda Kano za ta bunƙasa cikin shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, da wuraren masana'antu da hanyoyi da unguwannin zama. Sai dai jama'a sun fi taswirar sauri. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka jawo 'yan ci-rani daga ƙauyuka, farin da aka yi a farkon shekarun 1970 ya ƙaro wasu, hukuma kuma ba ta iya yanka fulotai daidai da buƙata ba. Wanda ya gaji da jiran awon gwamnati sai ya nufi mai gona. Haka unguwanni irin su Kurna da Rimin Kebe da Ɗorayi da Sheka suka cika suka batse, lungu ya bi lungu, ba a bar wa ruwan sama hanya ba, balle filin makaranta ko asibiti. Talaka bai ƙi tsari ba, tsarin ne bai zo da kuɗin da zai iya biya ba.

A ranar 29 ga Maris, 1978, gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda har yau ita ke aiki, kuma an kulle ta cikin tsarin mulki yadda gyara ta yake da wuya. Dokar ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Shi ke ba da izinin mallaka a birni, ƙaramar hukuma kuma a karkara. Sashe na 3 ya ba shi ikon ayyana duk yankin da ya ga dama a matsayin birni, don haka ƙauye na iya kwana ƙauye ya tashi yana cikin birni a takarda. Sashe na 28 ya ba shi ikon karɓe fili saboda amfanin jama'a. Sashe na 29 kuma, wanda ya yi maganar diyya, ya fi karkata ga abin da aka ɗora a kan ƙasar, wato gini da shuka da itatuwa. Ita kanta gonar da ta ciyar da kaka da jika, dokar tana kallonta a matsayin abin da dama yake hannun gwamna. Duk da haka akwai abin da ya kamata manomi ya sani: sashe na 36 ya amince cewa wanda yake noma gonarsa a karkara tun kafin 1978 yana da haƙƙin ci gaba da riƙe ta kamar an ba shi izini, ko da ba shi da takarda. Manoma nawa ne aka taɓa karanta wa wannan sashe da Hausa?

Mu a yammacin Kano ba a birni muka fara sanin tashi ba, ruwa ne ya koya mana. Gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar Tiga a kudancin jiha tsakanin 1971 da 1974, aka tashi ƙauyuka aka sake musu matsuguni. Daga baya aka zo kan Kogin Challawa a ƙasar Karaye. Hukumar WRECA ta jihar Kano ce ta faro aikin, gwamnatin tarayya ta karɓa, aka kammala a 1992, yanzu kuma yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Tsawon bangon madatsar ya kusa kilomita 8, tana iya riƙe ruwa sama da mita mai kusurwa miliyan 900. Amfaninta a fili yake: noman rani, kamun kifi, da ruwan da ake saki ya gangara zuwa matatun da ke shayar da birnin Kano. Amma a ƙarƙashin wannan ruwa akwai fadamu da gonaki da kufai da maƙabartu. Ana iya ƙiyasta kuɗin ɗakin ƙasa da bishiyar mangwaro a biya mutum. Fadamar da yake samun rake da albasa duk rani, da maƙwabcin da zai ba shi aron hatsi ranar babu, ba su shiga cikin lissafin mai ƙiyasi. Ɗan manomin da gonar gidansu ta ragu, shi ne gobe zai hau mota ya tafi birni neman ɗakin haya, ya sake zama a kan ƙasar da ba shi da takardarta.

To, ina gidajen da gwamnatoci suka gina? An gina kam. Akwai rukunin Kundila da na Gwammaja, daga baya Ɗanladi Nasidi, akasarinsu ma'aikata masu albashi ne suka samu. Shugaba Shehu Shagari ya zo a 1979 da alkawarin gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara, wato 40,000 a faɗin ƙasa, amma har aka hamɓarar da gwamnatinsa a ƙarshen 1983 ba a kai ko rabin abin da aka tsara ba, wasu kuma an kai su nesa da gari inda ba ruwa ba mota. A zango na biyu na Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, daga 2011 zuwa 2015, aka gina biranen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, da titi da fitilu, tsari gwanin sha'awa. Sai dai mai tura baro a Kasuwar Singa ko mai faci a Kurna ko a mafarki bai sa ransa a kansu ba, kuma gidaje da dama sun daɗe a kulle. Kowace gwamnati tana ƙirga yawan gidajen da ta gina. Ba a cika ƙirga ko wane ne ya shiga ba.

Ɗaya fuskar gyaran gari ita ce katafila. A watan Yuli na 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe unguwar Maroko a Legas bayan wa'adin kwana bakwai, kimanin mutum 300,000 suka rasa matsuguni, yau wajen yana cikin filaye mafi tsada a ƙasar nan. A Kano, cikin watan Yuni na 2023, sabuwar gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe gine-gine a Filin Sukuwa da tsohon Otal ɗin Daula da Filin Idi da wasu wurare, tana cewa filayen jama'a ne gwamnatin da ta gabata ta sayar ba bisa ƙa'ida ba. Masu shagunan Filin Idi suka je Babbar Kotun Tarayya, a watan Satumba ta ce a biya su naira biliyan 30, daga baya aka yi sulhu a kan biliyan 3. Ko wane ɓangaren siyasa mutum yake, akwai abin lura a nan: waɗannan suna da ƙungiya da takardu da lauyoyi, shi ya sa aka saurare su. A watan Fabrairu na 2025 kuma aka kai rusau Rimin Zakara, inda aka daɗe ana jayayya kan fili tsakanin mazauna da Jami'ar Bayero, har aka rasa rayuka kafin manya su shiga tsakani.

Gari ba ya gyaruwa sai an taɓa wani, wannan gaskiya ne. Gidan da aka dasa a kan hanyar ruwa yana jawo ambaliyar da za ta ci maƙwabta, filin makaranta kuma ba na sayarwa ba ne. Abin tambaya shi ne yadda ake taɓawar: an ba da wa'adin da mutum zai iya kwashe iyalinsa? An biya kafin a rushe ko sai bayan shekaru? An tanadi inda za a koma? Sashe na 16 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati samar wa kowane ɗan ƙasa muhalli mai dacewa, amma yana cikin babin da ba a iya kai gwamnati ƙara a kansa. Ɗan haya kuwa, da bazawara mai marayu, da tsohon da ke zaune a ɗakin aro, ko sunansu ba ya fitowa a jerin masu diyya, domin mai gini ake biya.

A nan aikinmu yake, 'yan uwa. Littattafanmu sun cika da gidajen alfarma na Nassarawa da jarumai masu motoci, alhali labarin da ya fi taɓa rayuwar masu karatunmu yana bakin ƙofa. Dattawan da suka ga tashin ƙauyukan bakin Challawa suna nan da ransu a ƙasar Karaye da Rogo, amma kullum raguwa suke. Mai waya a hannu zai iya zama da su, da izininsu, ya ɗauki sunan tsohon gari, da inda kasuwa take, da abin da aka biya, da inda kowane gida ya nufa. Wanda ya iya Turanci ya fassara sassan dokar 1978 zuwa Hausa mai sauƙi da za a iya karanta wa manomi a majalisa. Mai ƙagaggen labari ya gwada ɗora jarumarsa a ɗakin haya a awon igiya, a daren da aka shafa wa bangon jan fenti. Sai dai a tantance kafin a rubuta: shekara, da sunan wuri, da wanda ya faɗa, kada a ƙara gishiri, domin wata rana abin da muka rubuta zai iya zama shaida ɗaya tilo da ta rage cewa mutane sun taɓa zama a wani wuri.

Allah Ya rufa mana asiri da muhalli na halal, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.