Tsofaffin fayilolin Access bayan sabunta manhaja: abin da ke hana su buɗuwa da yadda ake ceto su

A ofisoshi da dama, tun daga ma'aikatar magajin gari har gidan sayar da magani, akwai rumbun bayanai da wani ya ƙera shekaru ashirin da suka wuce, ana kuma ta aiki da shi ba tare da kowa ya san yadda aka yi shi ba. Ran da aka sayo sabuwar kwamfuta, ko aka sabunta Office, sai fayil ɗin ya ƙi buɗuwa. Galibi bayanan suna nan daram. Sabuwar manhajar ce ta daina fahimtar tsarin da aka rubuta su da shi. Matsalar ta ƙaru a ƴan shekarun nan, ganin cewa kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 da Office 2016 da Office 2019 a ranar 14 ga watan Oktoban 2025, abin da ya sa ma'aikatu da yawa sauya kayan aiki.

Asalin matsalar

Access ta fito a 1992, kuma tsarin fayilolinta ya sauya sau da dama. Access 97 tana aiki da injin da ake kira Jet 3.5, fayil ɗinta ba ya wuce gigabait 1. Access 2000 ta zo da Jet 4.0, wanda ya kai gigabait 2, yana kuma adana rubutu da Unicode. Duka biyun sunan fayil yana ƙarewa da .mdb, shi ya sa ba a iya bambanta su da ido. A 2007 aka fito da sabon tsari mai ƙarewa da .accdb.

Kowace sabuwar fitowa takan yar da wani abu na baya. Access 2010 ta daina karanta fayilolin Access 1.0 da 2.0 da na Paradox. Access 2013 ta daina buɗe na Access 97 da kuma masu ƙarewa da .adp. Ta kuma cire fayilolin dBASE masu ƙarewa da .dbf, amma an dawo da su a zamanin Access 2016. Saboda haka wanda ya tsallaka daga Office 2010 zuwa Microsoft 365 zai iya ganin saƙon da ke cewa ba za a iya buɗe rumbun da aka ƙirƙira da tsohuwar fitowar manhajar ba. Fayilolin .mdb na 2000 da na 2002-2003 kuwa har yanzu suna buɗuwa a sababbin fitowa.

Abin da za a fara yi

Kafin komai a kwafi fayil ɗin sau biyu, ɗaya a wani faifai dabam da za a ajiye a aljihun tebur. Duk gwajin da za a yi, a kan kwafi za a yi shi. Kada a goge tsohuwar kwamfutar, kada a sayar da ita, kada kuma a kyautar, har sai an tabbatar komai ya ƙaura. Sau da yawa ita ce hanya mafi sauƙi ta buɗe fayil ɗin.

A kwafi dukkan jakar da fayil ɗin yake ciki, domin rumbu da yawa kashi biyu ne: fayil ɗaya yana ɗauke da fom da rahotanni, ɗayan yana ɗauke da teburan bayanai. Idan akwai fayil mai ƙarewa da .mdw, shi ne ke riƙe da sunayen masu izinin shiga, kuma in babu shi rumbun da aka kulle ba zai buɗu ba. Ƙaramin fayil mai ƙarewa da .ldb alama ce kawai ta cewa ana amfani da rumbun. Idan wuta ta ɗauke ya saura, ana iya goge shi bayan an tabbatar babu wanda ke ciki.

Canza ƙarshen suna daga .mdb zuwa .accdb da hannu ba ya sauya komai a cikin fayil ɗin.

Hanyar juya fayil ɗin Access 97

Ana buƙatar tsani, wato fitowar da ke jin tsohon tsarin tana kuma iya rubuta sabo. Access 2003 da 2007 da 2010 duk suna wannan aiki.

1. A buɗe kwafin a ɗaya daga cikinsu. Idan fom ɗin farko ya tare hanya, a danne maɓallin Maj yayin buɗewa.
2. A Access 2003 ta Faransanci, a shiga Outils, sai Utilitaires de base de données, sai Convertir une base de données, a zaɓi tsarin 2002-2003. A 2007 da 2010 manhajar da kanta takan tambaya ko a ɗaukaka fayil ɗin.
3. A kai sabon fayil ɗin sabuwar kwamfuta, a buɗe, a bi Fichier da Enregistrer sous, a zaɓi .accdb.
4. Idan rumbun kashi biyu ne, a juya kowanne, sannan a sake haɗa su da Gestionnaire de tables liées, domin wurin da fayilolin suke ya canza.

Idan rumbun yana da tsarin izini na .mdw, a sani cewa .accdb ba ya amfani da shi. Ko dai a bar fayil ɗin a matsayin .mdb na 2002-2003, ko kuma mai izinin shugaba ya shiga ya cire takunkumin kafin juyawa.

Tsofaffin fitowar ba sa samun gyaran tsaro: an daina kula da Office 2003 a watan Afrilun 2014, Office 2010 kuma a watan Oktoban 2020. Don haka kwamfutar da za a yi aikin da ita kada a haɗa ta da intanet. Wanda ke da faifan asali da lasisi zai iya girka tsohuwar manhajar a cikin kwamfutar kwaikwayo irin ta VirtualBox. Kwafin sata da ake saukewa daga wuraren da ba a sani ba yakan zo da ƙwayar cuta.

Idan matsalar 32 da 64 ce

Wani lokaci fayil ɗin ba tsoho ba ne sosai, amma duk da haka ya ƙi. Tun daga Office 2010 ake da nau'i biyu, mai bit 32 da mai bit 64, kuma daga Office 2019 mai 64 ne ke girkuwa idan ba a zaɓi ɗayan ba. Fayil mai ƙarewa da .mde ko .accde da aka haɗa a nau'in 32 ba ya buɗuwa a na 64. Mafita biyu ce: a cire Office a sake girka nau'in 32, ko a nemo fayil na asali a wurin wanda ya ƙera rumbun a sake haɗa shi. A fayil na asali ma, layukan VBA da ke farawa da Declare suna buƙatar a ƙara musu kalmar PtrSafe, wasu kuma a gyara nau'in lambobinsu. Ko da an rasa asalin, teburan da ke cikin .mde ana iya shigo da su sabon rumbu, fom da rahotanni ne sai an sake ginawa.

Idan babu tsohuwar Access

Akwai manhajojin kyauta da ke ciro bayanai. MDB Tools a kan Linux tana karanta Jet 3 da Jet 4: umarnin mdb-ver yana faɗin tsarin fayil, mdb-tables yana jero teburai, mdb-export yana fitar da kowane tebur zuwa CSV. LibreOffice tana buɗe .dbf kai tsaye. Waɗannan hanyoyi teburai kawai suke cetowa.

Sauran tsofaffin rumbuna ma haka abin yake. WinISIS ta UNESCO, wadda ɗakunan karatu da cibiyoyin adana takardu suka daɗe suna amfani da ita, ba ta tashi a Windows mai bit 64. Ana buɗe ta a tsohuwar kwamfuta a fitar da bayanan a tsarin ISO 2709, wanda manhajoji irin su ABCD ke karɓa.

Tantancewa bayan juyawa

Buɗuwar fayil ba ta nufin an gama. A ƙidaya layukan kowane tebur a tsoho da sabo, a kwatanta jimillar kuɗi, a zaɓi ƴan sunaye a duba su da rajistar takarda.

A lura da haruffa. Access 97 da dBASE ba su san Unicode ba. Fayilolin zamanin DOS na Faransanci galibi suna kan jadawalin haruffa mai lamba 850 ko 437, na Windows kuma 1252. Idan an zaɓi wanda ba shi ba, é da è da ç sukan koma wasu alamu. Haruffan Hausa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, babu su a waɗannan jadawalai. Masu rubutu a da sukan yi amfani da salon rubutu na musamman da ke ɗora su a kan wasu alamomi, don haka bayan juyawa sai an nemo alamomin an maye gurbinsu ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba neman suna kamar Ɗanladi ba zai fito da komai ba.

Fayil ɗin CSV ma yana da tarko. Excel takan share sifirin da ke farkon lambobin rajista, takan kuma musanya rana da wata idan saitin ƙasar kwamfutar ya bambanta da na fayil ɗin. Lokacin shigo da shi, a ayyana irin waɗannan ginshiƙai a matsayin rubutu.

Rigakafi

Kafin kowace sabuntawa, a rubuta jerin rumbunan da ofis ke dogaro da su, a gwada kwafinsu a sabuwar kwamfuta ɗaya kafin a taɓa sauran. Duk wata a fitar da teburai zuwa CSV mai UTF-8 a ajiye gefe. A rubuta kalmar sirri da fitowar manhajar a takarda, a sa a ambulan a hannun shugaban ofis. Duk wanda aka biya ya ƙera rumbu, a sa cikin yarjejeniya cewa zai miƙa fayil na asali tare da wanda aka kulle.