Daga Takin Supa Zuwa Yuriya

A farkon shekarun 1980 na fara aiki a ɗakin gwaji na wani ƙaramin kamfanin sinadarai a Bompai ta Kano. Muna haɗa magungunan rini da na wanke yadi, mu sayar wa masaƙu da kamfanonin jima. Tun ranar farko ogana, wani dattijo mai yatsu duk tabon asid, ya gaya mini cewa mai sinadari ba ya da rumfa a kasuwa, wasu masana'antun ne kasuwarsa. Na daɗe ban gane karatun ba.

Zamanin gwamnati ne uwa da uba. Kuɗin mai ya shigo, ita ke gini, ita ke sayarwa. A 1976 kamfanin takin Supa na Kaduna ya fara aiki. Matatar man Kaduna ta biyo baya a 1980, sannan NAFCON ta tashi a Onne ta Jihar Ribas, tana mayar da iskar gas takin yuriya. Mu ƙanana kuwa soda da rini da asid ɗinmu duk a durom suke zuwa ta jirgin ruwa, sai mai lasisin shigo da kaya.

Tsarin SAP na 1986 ne ya tona asirinmu. Naira ta faɗi, kuɗin da ke sayen durom goma ya koma ba ya ɗaukar rabinsu. Wuta ta zama ta marowaci. A ɗauke ta muna tsakiyar dafa haɗi, tukunya guda ta daskare, gobe a sa leburori su fasa da guduma. NAFCON ta tsaya cik a 1999. Atamfar waje ta cika Kantin Kwari, masaƙun Kakuri ta Kaduna suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, har masaƙar UNTL ta sallami ma'aikata a 2007. Gemun maƙwabci ya kama wuta, mu kuwa ba ruwan shafa wa namu. A nan maganar ogana ta faɗo mini: ba wanda ya rufe mu, masu sayen kayanmu ne suka mutu.

Farfaɗowar ta zo ta hannun 'yan kasuwa, kuma daga bakin teku, inda gas yake. Notore ta sayi NAFCON a 2005, Indorama ta karɓi kamfanin Eleme a 2006, ta ƙara da masana'antar yuriya a 2016. A 2022 aka buɗe ta Ɗangote a Lekki, mai ƙarfin tan miliyan 3 a shekara. Ƙasar da ke layin jiran jirgin taki yau ita ke loda yuriya zuwa Brazil.

Yanzu a wata masana'antar gauraya taki nake, irin waɗanda suka farfaɗo bayan yarjejeniyar da aka ƙulla da Maroko a 2016. Kullum nakan ɗebi takin NPK a tafin hannu in baza. Fararen ƙwayoyin yuriya namu ne, haka garin farar ƙasa. Fosfet ɗin na Maroko ne, jan fotash ɗin ma baƙo ne. Cikin abinci ukun da shuka ke nema, ɗaya kaɗai muke dafawa a gida. Durom ɗin sodar da ke bayan ɗakin gwajina kuwa, har yau rubutun jikinsa ba namu ba ne.