Sa Calobra: Titin Da Ake Fara Gangarawa Kafin A Hau

Maƙalar wannan makon za ta kai mu tsibirin Mayorka na ƙasar Sifaniya, a cikin Bahar Rum, inda mahaya keke daga sassan Turai ke zuwa gwada ƙwanji a kan wani titi mai suna Sa Calobra. Abin da ya ja hankalina gare shi shi ne ba ya ɓullewa ko'ina. Yana gangarawa bakin teku ne ya tsaya cak, duk wanda ya sauka kuwa dole ya dawo ta inda ya bi. Me zai sa gwamnati ta fasa dutse don hanyar da ba ta haɗa gari da gari?

Amsar tana cikin tarihin duwatsun Tramuntana, waɗanda suka miƙe kimanin kilomita 90 a gaɓar arewa maso yammacin tsibirin. Mafi tsawo a cikinsu, Puig Major, ya haura mita 1,400. A shekarar 902 Isam al-Khawlani ya ci tsibirin da sunan sarautar Kurɗuba, Musulmi suka riƙe shi sama da shekara 300, birnin Palma na yau ana kiran sa Madina Mayurka. Sarki Jaume na Ɗaya na Aragon ya ƙwace birnin a ƙarshen 1229, waɗanda suka tsira suka gudu cikin waɗannan duwatsu, suka ci gaba da turjiya na ɗan lokaci. Har yanzu Larabci na nan a sunayen garuruwa irin su Banyalbufar da Binissalem da Alcúdia. Dabarun janyo ruwa na zamanin Andalus, haɗe da gonakin zaitun masu hawa-hawa da aka yi ta faɗaɗawa a ƙarnonin da suka biyo baya, su ne suka sa UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2011.

Duk tsawon wannan zamani dutsen katanga ne. Mutanen garin Sóller sun fi samun sauƙin loda lemonsu a jirgin ruwa su kai Faransa a kan su tsallaka da shi zuwa Palma, har sai da jirgin ƙasa ya iso musu a 1912. Masu bin sauran lunguna kuwa su ne masu ƙona gawayi, da makiyaya, da masu tara ƙanƙara a ramuka lokacin sanyi don su sayar a birni idan zafi ya zo. Alfadari ne motarsu.

Sai ga injiniya Antonio Parietti, haifaffen Palma. Shi ya tsara hanyar Formentor a shekarun 1920, sannan ta Sa Calobra wadda aka kammala a farkon shekarun 1930. 'Yan gidaje ƙalilan ne a ƙasan, saboda haka ba don su aka yi aikin ba. An yi shi ne don baƙi masu yawon buɗe ido su ga inda kwazazzabon Torrent de Pareis ke buɗewa cikin teku. Parietti bai huda dutsen ya wuce ba, sai ya bar titin yana bin jikinsa yana lanƙwasa. Da ya iso wani wuri da gangaren ya yi tsanani, ba filin yin kwana, sai ya sa titin ya zagaya ya bi ta ƙarƙashin kansa. Mutanen wurin suna kiran wannan kwana ƙullin laktaye. Akasarin aikin da hannu aka yi shi, da diga da shebur. Takardun talla sunan injiniyan kaɗai suke ambata, ni kuwa a ganina labarin leburorin ne ya fi cancantar alƙalamin marubuci.

Ga mai keke, wahalar Sa Calobra a juye take. A yawancin duwatsu mutum yakan sha wuyar hawa ne tukuna, gangara ta zama lada. A nan sai ka fara cin bashi. Za ka sulala har bakin ruwa iska na kaɗa ka, sannan ka juyo ka biya: kimanin kilomita 9.5 na hawa ba sassauci, kwana 26, har zuwa mashigar Coll dels Reis mai tsawon mita 682. Ƙwararru kan haye a ƙasa da rabin awa. Gama-garin mahaya kan ci awa guda ko fiye, wasu ma su sauka su tura.

Keke ba baƙo ba ne a tsibirin. An buɗe filin tseren Tirador a Palma tun 1903, kuma Guillem Timoner, ɗan garin Felanitx, ya ci kambun duniya sau shida tsakanin 1955 da 1965 a tseren da ake bin bayan babur. Amma kasuwar baƙi masu keke sai a shekarun 1980 ta kankama, da masu shirya tafiye-tafiye suka lura otal-otal na zama fanko bayan lokacin zafi, alhali 'yan Jamus da Suwizalan na neman inda za su yi atisaye ba ƙanƙara. Gasar Challenge Mallorca ta fara a 1992. Da Bradley Wiggins ya ci gasar keke ta zagayen Faransa a 2012, bayan ƙungiyarsa ta Sky ta saba yin sansani a tsibirin, 'yan Ingila suka yo ca.

To, shirun da ake tallatawa fa? Shi ma yana da tarihi. Tsohuwar hanyar Coll de Sóller, mai kwanoni sama da 50, ta samu sararawa ne saboda ramin mota da aka buɗe ƙarƙashin dutsen a 1997 ya kwashe mata motoci. Sa Calobra ba ta yi wannan sa'ar ba, domin da hantsi manyan motocin baƙi ke cika ta, su toshe kwanoni, shi ya sa mahaya ke sammako. A hanyar Formentor cunkoso ya kai ga tun 2018 hukuma ke taƙaita shigar motocin haya da na gida a watannin zafi. A 2024 dubban mazauna Palma suka fito zanga-zanga kan yawan baƙi da tsadar gidajen haya.

Su kuma gonakin da mai keke ke kallo yana haki, da yawa an yi watsi da su, tunda aikin otal ya fi noman zaitun a kan dutse kawo kuɗi. Gona idan aka bar ta ciyawa da itacen fir ke cinye ta, daga nan sai gobara: a Yulin 2013 wuta ta ci fiye da hekta 2,000 a yankin Andratx. Katangun da ke riƙe da ƙasar gonakin ba siminti a jikinsu, dutse ne kan dutse, kuma idan ruwan sama ya rusa wani sashe, sai an nemo maginin da ya iya wannan tsohuwar sana'a ya sake jera shi da hannu.