Aikin Tare Wutar Daji a Ƙasar Jega, Aliero da Maiyama: Nazari a kan Gayya, Lamuni da Lada

Tsakure

Wannan maƙala tana duba aikin mutanen da ke tare wutar daji da rani a ƙananan hukumomin Jega, Aliero da Maiyama na Jihar Kebbi, tana auna shi da ma'aunin fiƙihun Malikiyya, da dokar gwamnati, da abin da ake yi a Jamhuriyar Nijar. Hujjarta ita ce, idan za a sanya wa aikin lada, ya fi cancanta a ɗora shi a kan share hanyar tare wuta tun ba ta tashi ba.

Gabatarwa

A ƙasar Kanada, inda wuta ta cinye daji hekta miliyan 15 ko fiye a shekarar 2023, har aka nemo 'yan kwana-kwana daga Afirka ta Kudu, kashe wutar daji sana'a ce ta kaka guda, wadda ake ɗaukar mutum dominta, a horar da shi, a biya shi, a sallame shi idan sanyi ya shigo. A wannan yanki na masarautar Gwandu ma aikin yana nan, lokacinsa sananne ne, daga Nuwamba da ciyawa ke bushewa zuwa faɗuwar damina. Sai dai ba shi da suna a cikin sana'o'i, masu yinsa kuwa su ne waɗanda kururuwa ta iske a gida.

Sabuban wutar da abin da take ci

Sabuban ba ɓoyayyu ba ne: maharbin da ke korar gafiya ko zomo daga rami, da mai cire zuma da ya yar da bakin wuta, da mai gawayi, da manomin da ya ƙone sassabe ya tafi bai jira toka ta huce ba. Abin da ke mayar da ɗan tartsatsi gobara shi ne iskar hunturu da ke busowa daga arewa maso gabas, wadda ta riga ta tsotse laimar ƙyasuwa da gamba. Hasarar kuwa, ko da yake dajin wannan ƙasa ba mai duhu ba ne, tana faɗawa ne a kan abin da talaka ya dogara da shi har damina: karan gero da dawa, da harawar wake, da tarin shinkafar da ba a sussuke ba a fadamar Gulbin Zamfara wajen Jega, da rudun ajiyar albasa irin na Aliero, wanda kara ne da ciyawa tun daga ƙasansa har rufinsa.

Yadda ake aikin

Duk wanda ya san wuta ba ya tarar ta gaba da gaba, domin harshenta na gaba, inda iska ke tura ta, ya fi mutum sauri, hayaƙinsa kuma ya fi harshen kisa. Ana bin ta ne ta gefe biyu, ana bugun gindinta da ɗanyen reshen darbejiya ko kalgo ko sabara, masu fartanya suna biye suna binne abin da ya saura da ƙasa, har a matse ta zuwa hanya, ko korama, ko gonar da aka riga aka share. Idan ta gagara, sai dattijon da ya san iska ya sa a kunna wata a gabanta daga bakin hanya, domin ta cinye abincin da babbar ke nufa; wannan kuwa ilimi ne mai hatsari, wanda in iska ta juya yakan koma kan mai shi. Mafi wahalar aikin, wanda ba a cika ambatonsa ba, shi ne gadin kututture da kashin shanu da ke ci a ɓoye har tsakar dare.

Tushen wannan tsari gayya ce, gayya kuwa ƙarfinta majiya ƙarfi. A nan mas'alar take: watannin wuta su ne watannin cin rani da noman fadama, lokacin da samari ko dai sun nufi kurmi, ko suna bakin rijiyar albasa, sai ƙauye ya rage tsofaffi da mata da yara.

Hukuncin shari'a da na doka

Fuƙaha'un Malikiyya ba su bar wannan babi ba. A cikin Muhtasar na Shaihu Halil an ɗora lamuni a kan wanda ya hura wuta a ranar iska mai ƙarfi har ta yi ɓarna, haka kuma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda Gwandu ta kasance mazauninsa, ya yi bayanin hurumi da makiyayar da shugaba ke keɓewa domin maslahar jama'a a cikin littafinsa Ta'alimur Radi. Dokar zamani, wato ƙa'idojin hana ƙona daji da hukumar kare muhalli ta NESREA ta fitar a 2011, ita ma ta fi mayar da hankali ga izini da tara. Fiƙihu da doka duka sun san hukuncin mai kunnawa. Mai kashewa kuwa, wanda ya sauke wa jama'a farillar kifaya da ƙonannen tafin ƙafa, dokar ba ta yanka masa komai ba.

Ƙonen farko da hanyar tare wuta

Ma'aikatan gandun daji na zamanin En'e sun gaji ra'ayin ƙonen farko, wato a ƙone ciyawa da ɗan sauran ɗanyenta domin wutar ta yi sanyi, kuma gwajin da aka fara a Olokemeji a 1929 ya nuna cewa wutar ƙarshen rani ce ke hallaka itatuwa. Amma Olokemeji ƙasar Yarbawa ce mai yawan ruwa; a nan, inda ƙyasuwa da ƙarangiya 'yan shekara guda ne da ba sa tohowa bayan wuta kamar gamba, ƙonen farko ma hasarar kiwo ce tsantsa, kuma makiyayi ne zai biya ta.

Saboda haka misalin Nijar ya fi kusa da halinmu. A yankunan kiwo na Tawa da Maradi, wajen Dakoro da Gadabeji, ana ɗaukar mutanen ƙauye bayan kaka su share dogayen hanyoyi masu faɗi a cikin makiyaya, ana biyansu gwargwadon tsawon da suka share, ciyawar da aka kwashe kuma ta zama abincin dabba ko abin sayarwa. A mahangar fiƙihu wannan ijara ce ingantacciya, tun da aiki sananne ne, ana iya auna shi da igiya, lada ma sananne; biyan mutum a kan kowace gobarar da ya kashe kuwa, ban da jahilcin iyakar aikin, yana iya sa wanda yunwa ta matsa ya ga arzikinsa a tashin wuta. Lokacin da ya dace da sharar a Jega, Aliero da Maiyama shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, bayan an yanke gero, kafin 'yan cin rani su ɗaure kaya, a fara da kewayen rumbuna da burtalin shanu, inda dagaci da arɗo suka riga suka san iyaka.