Yadda Birtaniya ta koyi auna mayen direba

Ranar 10 ga Satumba, 1897, wani direban tasi mai suna George Smith, ɗan shekara 25, ya afka wa wani gini da motarsa a titin New Bond da ke Landan. Da aka gurfanar da shi gaban alƙali, ya amsa cewa ya sha giya kafin ya hau mota, aka ci shi tara. Shi ake yawan ambata a matsayin mutum na farko da aka hukunta a Birtaniya saboda tuƙa mota cikin maye. Shari'arsa ta zo da sauƙi domin ya amsa laifinsa da bakinsa. Wahalar da ta ɗauki ƙasar shekara saba'in kafin ta warware ita ce ta direban da ya ce shi ras yake.

Doka dai akwai ta tun kafin zuwan mota. Dokar 1872 ta haramta wa wanda ya bugu ya riƙe akalar keken doki ko dabbobi ko injin tururi a kan hanya. A 1930 aka yi wata wadda ta hukunta duk wanda abin sha ya rinjaye shi har ya kasa sarrafa mota yadda ya kamata. Sai dai wa zai tabbatar da wannan gazawar? Likitan 'yan sanda ne ake kira ya sa mutum ya bi miƙaƙƙen layi, ko ya furta kalmomi masu karya harshe. Gogaggen mashayi kan tsallake wannan jarrabawa lafiya lau. Idan kuma magana ta kai kotu, talakawan da ake zaɓowa su yanke hukunci tare da alƙali, waɗanda da yawansu sun taɓa tuƙi bayan sun sha, sukan ji nauyin kama mutum da laifin da su ma suka san kansu da shi.

Mafita ta fito ne daga ɗakunan bincike na wasu ƙasashe. A Jami'ar Lund ta Suwidin, Erik Widmark ya ƙirƙiro hanyar auna barasa daga ɗan ɗigon jini, kuma a 1932 ya fitar da lissafin yadda take yaɗuwa a jiki da yadda take raguwa. A 1936 ƙasar Nowe ta zama ta farko da ta rubuta adadi a cikin doka: wanda barasar jininsa ta wuce miligiram 50 a kowace mililita 100 ya yi laifi, ko da kuwa tafiyarsa ba tangaɗi. A Amurka kuma, Robert Borkenstein na rundunar 'yan sandan jihar Indiana ya ƙera na'urar Breathalyzer a 1954. Hikimarta ita ce, jinin da ke ratsa huhu yana sakin wani ɗan kaso na barasarsa cikin iskar da mutum ke fitarwa, kuma kason yana bin gwargwadon abin da ke cikin jinin. Ke nan numfashi na iya ba da shaida a bakin hanya, ba sai an jira allura ba.

Borkenstein ɗin ne ya jagoranci binciken garin Grand Rapids da aka wallafa a 1964, inda aka kwatanta direbobin da suka yi haɗari da waɗanda suka bi wuraren lafiya. Sakamakon ya nuna haɗari yana fara ƙaruwa tun mutum bai kai ga abin da jama'a ke kira buguwa ba, kuma daga wajen miligiram 80 yana hawa da sauri. Dalilin a fili yake. Barasa tana rage saurin da ƙwaƙwalwa ke amsa abin da ido ya gani, tana kuma ƙara wa mai shan ta yarda da kansa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, don haka jinkirin rabin daƙiƙa kafin taka birki ya isa ya raba yaro da ransa. Hanta ce ke kawar da barasar, a hankali kuma take aikinta. Baƙin shayi ko wankan ruwan sanyi ba sa sa ta sauri.

A Disamba 1965 Firayim Minista Harold Wilson ya naɗa Barbara Castle ministar sufuri. A shekarar da ta biyo baya mutum 7,985 suka mutu a hanyoyin Birtaniya, adadin da ba a taɓa kai shi ba a lokacin zaman lafiya. Castle ta kai wa majalisa ƙudurin da ya sa iyaka a miligiram 80, ya kuma ba 'yan sanda ikon gwada numfashi. Masu mashaya suka yi ca, suna cewa za a kashe musu kasuwa. Wasu suka kira abin tauye 'yancin ɗan ƙasa. Wasu kuwa gorinsu shi ne mace ce, kuma ba ta ma iya tuƙi ba. Wasiƙun barazanar kisa suka yi ta zuwa mata har sai da aka haɗa ta da mai tsaron lafiya. Ta sassauta a wuri ɗaya mai muhimmanci: an cire ikon tsayar da kowane direba a gwada shi ba tare da wani dalili ba. Sai an yi haɗari, ko an karya dokar hanya, ko ɗan sanda ya yi zargin an sha.

Dokar ta fara aiki ranar 9 ga Oktoba, 1967. Direba zai hura iska ta wani bututu cikin 'yar jaka. Idan ƙwayoyin da ke cikin bututun suka juya daga rawaya zuwa kore har suka wuce alama, sai a tafi caji ofis a ɗebi jini ko fitsari. Wanda aka kama da laifi zai rasa lasisinsa na aƙalla shekara guda. A shekarar farko mace-macen hanya sun ragu da fiye da dubu ɗaya. Masanin zamantakewa Laurence Ross, wanda ya bi alƙaluman daga baya, ya ga raguwar ta fi yawa a dararen ƙarshen mako, lokacin da mashaya ke tashi, abin da ya nuna dokar ce ta yi aikin.

Ross ya kuma gano abu na biyu, wanda bai yi wa kowa daɗi ba. Cikin 'yan shekaru tasirin ya dusashe, domin direbobi sun lura cewa da wuya a tsayar da su. Abin da ya tsorata su da farko shi ne zaton kamu ya zama tabbas, kuma da zaton ya gushe sai tsohuwar ɗabi'a ta dawo. A 1979 an ƙiyasta mutum 1,640 ne suka mutu a haɗurran da suka shafi tuƙi cikin maye. Jihar Victoria ta Ostareliya kuwa, tun 1976 ta ɗauki matakin da Castle ta janye, wato gwada kowa a kan hanya.

Daga nan Birtaniya ta riƙa gyara. A 1983 aka fara karɓar sakamakon na'urar numfashi ta caji ofis a matsayin shaida a kotu. Dokar 1991 ta ware laifin kashe rai ta hanyar tuƙin sakaci cikin maye, da ɗaurin da bai wuce shekara biyar ba. An ɗaga shi zuwa 14 a 2004, sannan zuwa ɗaurin rai da rai a 2022. Tallace-tallacen gwamnati na shekara da shekaru, musamman gab da Kirsimeti, sun mai da abin da a da ake yi wa dariya ya zama abin kunya. A shekarun 2010 adadin mamatan ya sauko ƙasa da 300 a shekara.

Ɗari biyu da 'yan kai ɗin nan ma gidaje ne da aka yi wa ta'aziyya, shi ya sa muhawarar ba ta mutu ba. A Disamba 2014 Sikotland ta rage iyakarta zuwa miligiram 50, adadin da Nowe ta zaɓa tun shekara 78 kafin nan.